Tace saƙonnin banza ba tare da an zubar da na kirki ba: amsa ga sakataren ƴan albasa

Wani bawan Allah da ke riƙe da aikin sakatare a wata ƙungiyar manoma da fataken albasa a jihar Tawa ya aiko mini da tambaya. Ya ce akwatin imel na ƙungiyarsu ya cika da shara, daga tallan magani sai alkawarin bashi marar ruwa sai masu yi musu albishir da cin cacar da ba su shiga ba. Wanda ya haɗa musu akwatin ya ƙara wa matatar ƙarfi, shara ta ragu sosai, amma daga baya suka gano cewa saƙon wani mai saye daga Abijan ya faɗa cikin wanda aka tace, bai fito ba sai bayan mutumin ya gaji da jira ya yi cinikinsa a wani wuri. Tambayarsa ita ce: wace manhaja zai saka domin ya rabu da wannan matsala gaba ɗaya?

Malam sakatare, da farko ina yi muku jaje kan cinikin da ya kuɓuce, Allah ya musanya muku da mafi alheri. Na yi shekaru ina kula da akwatunan imel na ƙananan ma'aikatu da ƙungiyoyi a nan Yamai, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, babu wata manhaja da za ta raba ku da shara ɗungurungum ba tare da ta haɗa da wani saƙon kirki ba. Matatar saƙo rariya ce: idan ƙofofinta suka yi faɗi tsaki ya bi gari, idan kuma suka cika ƙanƙanta garin kansa ya maƙale a sama. Saboda haka abin da ya kamata ku fara yankewa shi ne wace asara ce ta fi muku ciwo. A wurinku amsar a fili take. Saƙon banza hamsin da suka tsallake matata aikin minti biyar ne na sharewa, amma saƙon mai saye guda ɗaya da ya ɓata a lokacin cirar albasa, tsakanin Maris da Mayu, yana iya zama mota guda ta kaya da za ta zauna a Galmi ko Madawa tana ruɓewa cikin zafi. Duk shawarar da zan ba ka a kan wannan ma'auni na gina ta.

Matsalar ta girmi yawancin masu amfani da intanet a yau. A watan Mayu na 1978 wani ɗan talla na kamfanin DEC a Amurka mai suna Gary Thuerk ya aika saƙon tallan kwamfuta ga mutum kusan 400 a lokaci guda, kuma shi ake ɗauka a matsayin saƙon banza na farko. Abin da ya hana ta mutuwa tun daga lokacin lissafi ne mai sauƙi: aika saƙo miliyan ɗaya kusan kyauta ne, musamman da yake masu wannan aiki kan yi amfani da kwamfutocin mutane da suka kama da cuta, masu su ba su ma san ana aiki da su ba. In mutum ɗaya tak ya faɗa tarko, riba ta fito. Amurka ta kafa dokar CAN-SPAM a 2003, wasu ƙasashe suka yi nasu, amma doka ba ta kama wanda ba a san inda yake ba, shi ya sa nauyin ya komo kan matata.

Matata tambayoyi uku take yi wa kowane saƙo. Ta farko, daga wace na'ura ya taso? Akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, da ke ajiye kundin adireshin na'urorin da aka kama suna watsa shara, kuma uwar garke, wato babbar na'urar da ke karɓar wasiƙunku, takan leƙa wannan kundi kafin ta buɗe ƙofa. Ta biyu, wanda ya ce shi ya aiko, da gaske shi ne? Zan dawo kan wannan domin ta shafi saƙonnin da ku kuke aikawa. Ta uku, me ke cikin saƙon? A nan ne aka fi samun kuskure, kuma a nan nake zaton saƙon mutumin Abijan ya gamu da tsautsayi.

Da yawa daga cikin kamfanonin da ke ba ƙananan ƙungiyoyi hayar akwatin imel suna aiki da manhajar SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fara a 2001, yanzu kuma tana hannun gidauniyar Apache. Ita maki take bayarwa kamar malamin makaranta, sai dai makinta na laifi ne. Tana da ɗaruruwan ƙa'idoji: kan saƙo da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla yana jawo maki, saƙon da babu kai ko kaɗan yana jawo maki, hoto babba da rubutu kaɗan yana jawo maki, adireshin da ke cikin kundin masu laifi yana jawo maki mai yawa. Idan aka tara, jimlar ta kai 5, wanda shi ne mizanin da manhajar ke zuwa da shi, sai a yi wa saƙon alamar shara. Abin da ake kira ƙara wa matata ƙarfi yawanci ba komai ba ne illa rage wannan lamba zuwa 3 ko 2.

Yanzu ka dubi yadda ɗan kasuwarmu yake rubuta saƙo. Yana tsaye a bakin mota, salula a hannu, ya ɗauki hoton takardar kaya, ya maƙala shi, ya rubuta kan saƙo da manyan baƙaƙe cewa abin na gaggawa ne, ya sa layi ɗaya na Faransanci gauraye da Hausa ko Jula, ya ambaci miliyoyin sefa da lambar asusu, ya aika daga adireshin kyauta. Wannan mutumin kirki ne, cinikinsa halal ne, amma a idon na'ura kamanninsa da ɗan damfara ɗaya ne, domin shi ma ɗan damfara gaggawa da kuɗi da lambar asusu yake ambata. Matatun nan an fi horar da su da wasiƙun Turai da Amurka, ba su saba da salon rubutunmu ba. Da mizani yana kan 5 wataƙila saƙon ya wuce da kyar. Da aka sauko da shi, dole ya faɗa.

Na ga irin wannan da idona a wani ofis a nan Yamai. Sun daɗe suna jiran takardar gayyata daga wani abokin hulɗarsu, har suka ɗauka an yi watsi da su, aka fara ƙorafi da zargin juna. Da aka kira ni na buɗe rajistar na'ura, inda take rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, sai ga layin saƙon nan da ranarsa da sa'arsa, maki uku da ɗoriya, a gabansa an rubuta cewa an goge shi. Wanda ya kula da na'urar kafin ni ya sauko da mizani ƙasa sosai, sannan ya umarce ta da ta hallaka duk abin da ta tace nan take. Shugabar ofishin tana tsaye a bayana tana kallon allon, ta tambaye ni ko za a iya dawo da takardar, na ce mata sai dai a roƙi wanda ya aiko ya sake aikowa, alhali wa'adin ya riga ya wuce. Tun daga ranar ban sake yarda a saita matata ta goge saƙo da kanta ba, sai wanda makinsa ya yi yawan da babu sauran shakka a kansa.

Saboda haka abu na farko da za ka nema daga wanda ya haɗa muku akwatin shi ne ya mayar da mizani kan 5, ya kuma tabbatar cewa duk abin da aka tace yana zuwa wani ɓangare na dabam inda za ka iya ganinsa. Na biyu kuwa aikinka ne kai da kanka, ba na na'ura ba: ka riƙa leƙa ɓangaren shara kullum da safe a lokacin kakar albasa, sau biyu a mako a sauran watanni. Ba sai ka buɗe saƙonnin ba, duba sunan mai aikowa da kan saƙo ya isa. Idan da Gmail kuke aiki, ka sani cewa yana goge abin da ke ɓangaren shara bayan kwana 30, don haka wanda ya yi wata bai leƙa ba ya yi asarar da ba zai taɓa sani ba.

Sannan ku tara adireshin duk waɗanda kuke hulɗa da su, masu saye na Abijan da Kumasi da Akara, masu motoci, masu fiton kaya a kan iyaka, banki, hukumomin noma, ku sa su cikin jerin amintattu. A SpamAssassin akwai wurin da aka tanada domin haka, a Gmail kuma ana ƙirƙirar ƙa'ida a zaɓi cewa kada a taɓa kai saƙon wane cikin shara. Duk sabon mai saye da kuka yi musayar lamba da shi a kasuwa, a ranar a sa adireshinsa, kafin ya rubuto. Da an yi wannan tun farko, saƙon da kake magana a kansa bai ɓata ba.

Akwai wani ɓangare na matata da nake so ka fahimta da kyau, domin shi ne wanda ke koyo, kuma koyonsa a hannunka yake. A 2002 wani masanin kwamfuta mai suna Paul Graham ya yaɗa dabarar amfani da lissafin Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila da ya rasu a 1761, wajen tace imel. Dabarar ita ce na'ura ta ƙirga sau nawa kowace kalma ke fitowa a saƙonnin da ka ce shara ne, da sau nawa take fitowa a waɗanda ka ce na kirki ne, sannan idan sabon saƙo ya zo ta auna kalmominsa ta ga ina suka fi karkata. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta damu da harshe ba. Idan a akwatinku kalmomin buhu da Galmi da albasa da sunayen direbobinku kullum cikin saƙon kirki suke fitowa, za ta koyi cewa alamar alheri ce, ko da ba ta san ma'anarsu ba. Amma ta fi koyo da kyau idan an nuna mata. SpamAssassin ba ta fara aiki da wannan lissafi sai ta ga saƙon banza 200 da na kirki 200. Mutane da yawa idan suka ga shara gogewa kawai suke yi, kuma gogewa ba ta koya wa na'ura komai. Abin da ake so shi ne ka danna maɓallin da ke cewa wannan shara ne, idan kuma ka tsinci na kirki a cikin shara ka danna wanda ke cewa ba shara ba ne. Na biyun nan ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Wannan ya kawo mu kan ƙarin manhajar da ka tambaya. Idan ta Roundcube, wato manhajar karanta imel a shafin intanet, kuke buɗe wasiƙunku, akwai ƴar ƙaramar manhaja mai suna markasjunk da ake liƙa mata, tana sa maɓallin nan, amma sai mai kula da uwar garke ya haɗa ta da ɓangaren koyo, in ba haka ba matsar da saƙon kawai take yi. Ka tambaye shi wannan ƙarara. Idan a kwamfutar ofis kuke karantawa, manhajar karanta imel ta Thunderbird kyauta ce kuma tana da matata mai koyo a cikinta. Wata matata mai suna Rspamd sabuwa ce a kan SpamAssassin kuma ta fi ta sauri, sai dai sauya ta shawarar mai uwar garke ce. Ba na ba ku shawarar ku jera matata uku ko huɗu a kan juna, domin kowace za ta riƙe nata rabon na saƙonnin kirki, ranar da wani abu ya ɓata kuma ba za ku san a wace ƙofa ya tsaya ba. Akwai kuma wata dabara da nake kira je-ka-dawo, inda uwar garke ke ce wa baƙon mai aikowa ya sake gwadawa an jima. Na'urar gaskiya takan dawo bayan wasu mintoci, ta masu shara sau da yawa ba ta dawowa. Tana rage shara, amma tana jinkirta saƙon farko na kowane sabon mutum, kuma sabon mutum shi kuke nema, don haka ni da ni ne zan kashe ta a lokacin kaka.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya zama dole in faɗa: kamar yadda saƙon mai saye ya faɗa cikin shararku, haka naku ma yana iya faɗawa cikin tasa. Idan ƙungiyarku tana da sunanta na kanta a adireshi, ko mai ƙarewa da .ne ko wani, akwai abubuwa uku da ake rubutawa a rajistar sunan. SPF jerin na'urorin da kuka ba izinin aika wasiƙa da sunanku ne, kamar yadda kuke sanar da mai saye sunayen direbobin da za su kawo masa kaya. DKIM hatimi ne da ake buga wa kowane saƙo, wanda ke nuna daga gare ku ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba. DMARC kuma umarni ne ga mai karɓa kan abin da zai yi da saƙon da ya zo da sunanku babu izini babu hatimi. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan: mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya cika duka ukun, ƙaramin mai aikawa ma ana neman aƙalla SPF ko DKIM daga gare shi. Aikin sa'a guda ne ga wanda ya iya, kuma yana hana wani ya ari sunanku ya yaudari abokan cinikinku.

Daga nan sai abin da ya fi tsorata ni, wanda matata ba ta cika kamawa ba. Tallan magani da albishir na caca ɓata lokaci ne kawai, kowa ya san su. Mai haɗarin shi ne saƙo guda, mai tsabta, da Faransanci mai kyau, wanda ya zo a tsakiyar ciniki yana cewa an sauya lambar asusu, a tura kuɗin wannan karon ga sabuwa. Wanda ya rubuta shi yawanci ya riga ya sace kalmar sirrin ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu, ya zauna shiru makonni yana karanta wasiƙunsu, ya san farashin buhu, ya san ranar lodi, ya san yadda kuke gaisawa. Wani lokaci daga akwatin gaskiya yake aikowa, wani lokaci kuma yakan yi rajistar suna mai kama da na ainihi, ya sa r da n a jere a madadin m, ko lamba 1 a madadin ƙaramin l, abin da ido ba ya rabewa a ƙaramin allon salula. Babu kalmar banza a ciki, babu hoto, makinsa ƙasa yake, kuma idan daga akwatin amininku ya fito, jerin amintattun da na ce ku yi shi zai buɗe masa ƙofa. Maganinsa ƙa'ida ce da ƙungiya za ta rubuta a taronta ta ɗora wa kowa, har shugaba: duk saƙon da ya sauya lambar asusu ko hanyar biyan kuɗi, ba a aiki da shi sai an kira mutumin an ji muryarsa, a lambar da kuka daɗe da saninta, ba wadda ke rubuce a ƙasan saƙon ba. Ku sanar da masu sayenku cewa ku ma haka kuke so su yi muku. Kuma ku kunna tabbaci mai mataki biyu a akwatin, yadda ko an sace kalmar sirri ba za a shiga ba sai da lambar da ke zuwa wayar sakatare.

Game da saƙonnin banza na yau da kullum, kada ka amsa su ko da da zagi ne, domin amsa tana shaida musu cewa akwai mai rai a bayan adireshin. Maɓallin cire suna daga jeri yana da amfani idan kamfanin da ka sani ne kuma ka taɓa ba shi adireshinka. Idan ba ka san mai aikowa ba, ka yi masa alamar shara ka wuce. Kada a buɗe abin da aka maƙala daga baƙo, musamman ƙunsasshen fayil ko takardar Word ko Excel da ke neman a ba ta izinin kunna wani abu. Zai kuma taimaka ku raba adireshi biyu, ɗaya na fili da ake bugawa a takardu da allunan baje koli, ɗaya na ciniki da ba a ba kowa sai wanda aka riga aka yi magana da shi.

Na san rabin cinikinku a WhatsApp yake tafiya, kuma can ma masu wannan sana'a sun isa. Lambar nan mai alƙaluma shida da ke zuwa ta gajeren saƙo mabuɗin asusunka ce, duk wanda ya kira ya ce kuskure aka yi a karanto masa ita, ɓarawo ne, ko da ya yi sallama da sunan wani na gida. Idan har aka kai ga an yi muku damfara, kada ku goge komai don fushi ko kunya. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, kuma saƙon da kansa, da rasidin tura kuɗi, su ne hujjar da za ku kai wa ƴan sanda; banki kuma a sanar da shi a ranar, tun kuɗin bai yi nisa ba.

Saƙon mutumin Abijan, idan har yanzu yana nan, kada ka goge shi. Kowane imel yana da wasu layuka a ɓoye a samansa da ke nuna hanyar da ya biyo, kuma idan SpamAssassin ce ta tace shi, akwai layin da ke farawa da X-Spam-Status, wanda ke ɗauke da makin da ya samu, da mizanin da aka auna shi da shi, da sunayen ƙa'idojin da ya taka ɗaya bayan ɗaya. Ka sa wanda ya haɗa muku akwatin ya buɗe shi kuna zaune tare, ya karanta maka. Idan makin yana tsakanin 2 da 5, mizanin da aka sauko da shi ne ya jawo, kuma mayar da shi ya wadatar. Idan ya haura 5 saboda na'urar da mutumin ke aikawa da ita tana cikin kundin masu laifi, to ka kira shi ka gaya masa, domin ba ku kaɗai ne ba ku ganin wasiƙunsa ba, sannan ka sa adireshinsa cikin amintattu kafin ya sake neman kaya.